Asusun Ɗan Makaranta Amana Ne

Yaron da ke ƙaramar sakandare a Dingaya, ko Sara, ko wani ƙauye na ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, ba ya rasa ɗan abin hannu. Da damina yana zuwa ƙwadago, da kaka yana yankan riɗi, yarinya kuma tana da ɗinkin hula ko ribar talla, ga barka da Sallah sau biyu a shekara. Abin takaici, babu mai koya masa yadda zai riƙe kuɗin. Kafin a koma makaranta sun ƙare a awara da gidan kallon ƙwallo, wasu ma har da cacar waya, wadda haramcinta bai ɓuya ga kowa ba.

Wani zai ce ai ilimi kyauta ne. Haka mahukunta ke faɗa tun da Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, dokar 2004 kuma ta ce shekara tara ta farko ba biya. To amma littafin rubutu, biro, takalmi, sabulun wanki da facin keke fa? Duk a wuyan talaka suke. Irin waɗannan ƙananan buƙatu ne ke zaunar da yaro a gida mako guda, makon ya zama zango, zangon ya zama sallama da karatu.

Maganin ba ya buƙatar kwamiti. Duk abin da ya shigo hannun yaro ya kasa shi uku: na makaranta, na ajiya, sai na kashewa, a ciki ya fitar da sadaka ko ta naira goma ce. Ya rubuta shiga da fita a bayan littafinsa. Malamin lissafi da na Islamiyya za su iya duba wannan rubutu duk mako, da ma lissafin da ba ya taɓa aljihu saurin mantuwa gare shi.

Sai dai tanadi ma da iliminsa. Annabi Yusuf (AS) da ya ba mutanen Masar shawarar tara abincin shekara bakwai, ya nuna musu su bar shi a zangarniya don kada ya lalace. Naira a cikin asusu kuwa sussukakken hatsi ce, ƙwari na ci. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, tsada ta yi ta hawa, har hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Wato dubu ɗayan da yaro ya jefa asusu a farkon waccan shekara, a ƙarshenta sai ta sayi abin kusan ɗari bakwai da arba'in. Ba a kuma manta da canjin kuɗi na farkon 2023 ba, lokacin da 'yan kasuwa suka riƙa ƙin karɓar tsofaffin takardu.

Saboda haka asusu zango ne kawai. Da kuɗi sun isa sayen kaza a saya, kaji su zama akuya, akuya ta haihu. Gaskiya ne annoba kan share kaji da sanyi, shi ya sa ba a zuba komai wuri ɗaya. Wannan hanya ta iyaye da kakanni ba ruwanta da riba ta banki, balle 'yan damfara irin MMM da suka gudu da dukiyar jama'a a 2016.

Babbar matsalar dai tana cikin gida. Yaro ya yi wata shida yana tarawa, rana ɗaya uba ko yaya ya fasa asusun da sunan "ranta min", shi ke nan. Ko a kama akuyar yarinya a kai kasuwar Sara don bikin da bai shafe ta ba. Wanda aka yi wa haka sau biyu, wace huɗuba za ta sa ya sake ajiya? Ya gane cewa abin da ya ci shi ne nasa. A Shari'a yaro yana mallakar dukiya, waliyyinsa mai tsaro ne a kanta. Idan larura ta tilasta a taɓa, to a gaya masa, a rubuta a littafin nan nasa a matsayin bashi, a sa ranar biya, in kaka ta yi a mayar masa da akuyarsa.