RA'AYINMU: Daga Damagaram zuwa Jidda, me ya kai mu Yamai?

Duk wanda ya buɗe taswira zai ga cewa tsakanin birnin Damagaram da Jidda, idan jirgin sama ya miƙe, tafiyar kilomita 3300 ce ko kusa da haka. Wato awa huɗu da rabi zuwa biyar, maniyyaci ya bar nahiyar Afirka ya sauka a ta Asiya. Daga Yamai kuwa nisan ya kai kilomita 4000.

To a duk shekarar da aka ce maniyyatan jihar Damagaram su je Yamai su hau jirgi, ga abin da ake nufi: tsoho ko tsohuwa za su shiga mota su yi wajen kilomita 900 zuwa yamma, su ratsa Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogonduci da Dosso, yini guda cur, alhali Makka tana gabas. Sannan jirgi ya ɗauko su ya sake nufo gabashin da suka baro. Mutumin Diffa kuwa nasa ya fi muni, don sama da kilomita 1300 ne tsakaninsa da filin jirgin Diori Hamani. Ga kuɗin mota, ga na masauki, ga zaman jiran jirgin da aka ce gobe, gobe ta koma jibi. Guzurin da aka yi shekaru ana tarawa sai ya fara narkewa tun ba a bar ƙasa ba.

Idan ba a manta ba, kakanninmu da ƙafa da jakuna suka yi wannan tafiya, ta Cadi da Darfur har gaɓar Bahar Maliya a Suwakin. Wasu sai bayan shekaru suke dawowa, wasu suka zauna can, shi ya sa har yau akwai Hausawa birjik a Sudan. Sun sha wahala, amma dai gabas suka nufa tun daga ƙofar gida.

Mun san abin da za a ce mana: babban jirgi ba ya sauka ko'ina, sai da doguwar hanyar sauka, da motocin kashe gobara, da man jirgi, da jami'an duba fasfo. Gaskiya ne. Haka kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa jirage suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. Amma wannan ai ƙarin dalili ne na rage wa mutane wahalar mota. Kuma an yi wa filin jirgin Damagaram gyara lokacin bikin Zinder Sabuwa na 18 ga Disamban 2018. Da kuɗin talakawa aka yi, ba don saukar manyan baƙi kaɗai ba. Garin da ya riƙe hedikwatar ƙasar nan har zuwa 1926 bai kamata ya riƙa roƙon jirgi kowace shekara ba.

Saboda haka muna kira ga hukumar COHO mai kula da aikin hajji da umra, da kamfanonin da ke karɓar kuɗin kujera, su sa tashi daga Damagaram cikin yarjejeniyar da suke ƙullawa da masu jirage, a rubuce, kowace shekara. In akwai abin da filin ya rasa, hukumar jiragen sama ta fito ta faɗe shi da kuɗin da zai ci. Kuma a sanar da maniyyaci filin da zai tashi tun ranar da ya biya kuɗinsa.