Katafaren gini ba ya warkar da kowa

A Najeriya, da zarar gwamna ya buɗe katafaren asibiti mai hawa huɗu, sai gari ya ɗauki guɗa, a ce an gyara harkar lafiya. Har mu talakawa mun rungumi wannan ma'auni. Ni ban yarda da shi ba, domin 'ya'yanmu ne ke biyan kuɗinsa da rayukansu.

Ku tuna mashaƙon da ya ɓarke tun ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowace jiha ɗanɗana kuɗarsa. Wace na'urar zamani aka rasa? Cuta ce mai rigakafi, allura uku kafin jariri ya cika wata huɗu. Galibin yaran da suka kamu ba su samu cikakken rigakafin ba. Hawan bene ba ya kai allura ƙauye.

Ku leƙa ƙaramin asibitin karkara. Rufi na yoyo, firjin ajiye rigakafi babu wuta, ma'aikaciya ɗaya tal ce ke awo, ke allura, ke karɓar haihuwa. Magani kuwa sai dai ta rubuta a takarda a tafi kemis. In naƙuda ta zo da tsakar dare, kwaɗo za a tarar a ƙofa, a ɗora baiwar Allah a babur a nufi birni tana zubar da jini.

Maƙwabciyarmu Nijar, da ba ta kai mu arziki ba, ta baza ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, ta kuma mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006. Tsakanin 1998 da 2009, mutuwar irin waɗannan yara ta sauko daga 226 zuwa 128 cikin kowane dubu.

Mu kuwa takarda ba ta yi mana ƙaranci ba. A Abuja aka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi a 2001, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Gini ake so, saboda gini yana da kwangila, yana fitowa a hoto, ana manna masa suna. Albashin ungozoma ba ya shiga fastar kamfe.

Babban asibiti yana da ranarsa. Amma yau ƙwararren likita na fama da layin masu zazzaɓin cizon sauro da gudawa, waɗanda ya kamata a sallama tun a mazaɓarsu. Duk ɗan takarar da ya nuna mana hoton bene, mu tambaye shi ungozoma nawa ya ɗauka, kuma asibitin wace mazaɓa ke kwana a buɗe.