Linkin Park: Sunan ƙungiya ne ke sayar da waƙa ko muryar mawaƙi?

Masu kallon ƙwallo da suka zauna gaban talabijin da wuri ranar 31 ga watan Mayun 2025 sun ga ƙungiyar mawaƙan Amurka ta Linkin Park ta buɗe wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai tsakanin PSG da Inter Milan a birnin Munich. Shekara takwas kafin wannan rana, da yawa sun ɗauka ƙungiyar ta zama tarihi, bayan babban mawaƙinta Chester Bennington ya kashe kansa ranar 20 ga watan Yulin 2017.

Dawowar tata ta farfaɗo da wata tsohuwar muhawara a kasuwar waƙa: idan muryar da aka san ƙungiya da ita ta tafi, me masoya ke biyan kuɗi su saya?

Haɗa kasuwa biyu

Wasu abokai 'yan sakandare, Mike Shinoda da Brad Delson da Rob Bourdon, ne suka kafa ƙungiyar a 1996 a Agoura Hills da ke jihar Kalifoniya, da sunan Xero. Kamfanonin waƙa sun yi ta juya musu baya har Bennington ya zo daga jihar Arizona a 1999, sannan Warner Bros. ya ɗauke su.

Ba su ne suka fara gwama gambarar rap da kiɗan rock mai ƙarar jita ba. Run-DMC da Aerosmith sun yi hakan tun 1986, Rage Against the Machine ta biyo baya a 1992, kuma Limp Bizkit na tashe sosai a lokacin da Linkin Park ta fito. Abin da ta zo da shi shi ne rabon aiki: Shinoda na jero baitocin rap, Bennington na ɗaukar amshi da murya mai daɗi wadda kan rikiɗe ta koma kururuwa. Masoyan rap da masoyan rock kowa ya samu nasa a cikin waƙa ɗaya.

Akwai kuma wata dabarar. Kundinsu na farko, Hybrid Theory, wanda ya fito a watan Oktoban 2000, babu ashar a cikinsa, a zamanin da takwarorinsu ke tinƙaho da zage-zage. Hakan ya sauƙaƙa wa gidajen rediyo da tashar MTV saka waƙoƙin, iyaye ma ba su da abin hanawa. Maimakon alfahari da kuɗi ko mata, waƙoƙin na magana ne kan kaɗaici da takaici da damuwar matasa, abubuwan da Bennington ya sha faɗa a fili cewa ya ɗanɗana tun yarinta.

Kasuwa ta karɓa. Hybrid Theory ne kundin da ya fi kowane ciniki a Amurka a 2001, daga baya ya haura kwafi miliyan 10 a ƙasar kaɗai. Meteora na 2003 ya sayar da sama da kwafi 800,000 a makon farko. A 2004 suka haɗa gwiwa da Jay-Z a kundin Collision Course, wanda ya kai su kunnuwan masoyan hip-hop, ya kuma kawo musu kyautar Grammy a 2006.

Tsira bayan yayi ya wuce

Zuwa tsakiyar shekarun 2000 yayin wannan salo ya dusashe, ƙungiyoyi da dama suka tafi tare da shi. Linkin Park ta rage rap da kururuwa a kundin Minutes to Midnight na 2007, ta kuma saka waƙoƙinta a finafinan Transformers. Tsofaffin masoya sun yi ƙorafi, amma sababbi sun shigo. Da sayar da faifai ya koma sauraro ta intanet, tsofaffin waƙoƙinta irin su Numb da In the End kowacce ta haura kallo biliyan ɗaya a YouTube.

Wannan tarin waƙoƙi jari ne, kuma jari irin wannan ba a barin sa a kwance. A watan Satumban 2024 ƙungiyar ta gabatar da Emily Armstrong a matsayin sabuwar mawaƙiya, da Colin Brittain a wurin ganguna bayan Bourdon ya janye. Sabon kundinsu From Zero, wanda ya fito a watan Nuwamba, ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Jamus, na biyu a Amurka.

Sai dai ba kowa ne ya yi murna ba. Mahaifiyar Bennington da ɗaya daga cikin 'ya'yansa sun fito fili sun soki yadda aka yi dawowar. An kuma caccaki Armstrong kan halartar zaman kotu don mara wa jarumi Danny Masterson baya, wanda daga baya aka ɗaure kan laifin fyaɗe; ta fitar da sanarwa tana nesanta kanta da shi.

Ta fuskar ciniki dai amsa ta fito: manyan filayen wasa na cika, wato suna da waƙoƙin sun isa su ja jama'a. Zaɓar mace ma hikima ce, domin duk namijin da aka kawo da an riƙa auna shi da mamacin.

Amma cika fili bai kashe maganar ba. Waƙoƙin da suka fi tayar da taro a wuraren wasan har yanzu su ne waɗanda Bennington ya rera daga cikin raɗaɗin rayuwarsa. Za a san ko sabuwar Linkin Park ta tsaya da ƙafafunta ne ranar da 'yan kallo suka fara zuwa domin sababbin waƙoƙi, ba domin tunawa da wanda ya tafi ba.