Tawadar Kan Sarki: Ja Ba Ɗaya Ba Ne

Da yawa daga cikinmu sun kama tara tsofaffin kan sarki, kowa da ɗan littafinsa, ana musaya in an tashi daga aji. Wannan abu ne mai kyau. Amma akwai wata ɗabi'a da ba mu yarda da ita ba. Mutum ya ɗauki kan sarki da dare a gaban fitila, ya rantse tawadar da aka buga bisansa baƙa ce, ya karɓi uku a bakin ɗaya. Gari ya waye, sai ga ta shuɗiya. Daga nan zumunci ya ɓaci.

Ga asalin maganar. A 1892 aka ɗauki kan sarkin Ingila mai hoton Sarauniya Biktoriya, aka buga sunan Oil Rivers bisansa, watau ƙasar kogunan manja da ke kudancin Nijeriya ta yau. A 1893 kan sarki na ɗari, watau rabin kwabo, ya yi wuya a Kalaba. Sai ma'aikata suka ɗauki na kwabo biyu da na kwabo biyu da ɗari, suka bubbuga musu sabon kuɗi da hannu. Ba da tawada ɗaya suka yi ba. Akwai shunayya, da koriya, da shuɗiya, da baƙa, da baƙa mai ratsin shuɗi, da ja iri biyu: ɗaya ya karkata wajen ruwan goro, ɗaya wajen ruwan zoɓo. Waɗansu launukan kaɗan ƙwarai aka buga, saboda haka kuɗinsu ya ninka na 'yan'uwansu, masu jabu kuwa suka sami ƙofa.

To, mu mutanen Banga, ta wajen Ƙauran Namoda, ba sai an koya mana maganin wannan ba. Ran Alhamis a kasuwar Shinkafi, mai sayen rawani ba ya gama ciniki cikin duhun rumfa. Sai ya fito da shi sarari, ya kara shi da wani, sa'an nan ya san baƙi ne ko shuni ne ya kama shi sosai.

Haka ya kamata mu yi. Mu duba da rana a inuwa, gama fitila tana mai da kome ja-ja. Mu sa gilashin ƙara girma a gefen baƙaƙen, inda tawada ba ta yi kauri ba, nan shuɗi ya ke tona kansa. Mu tuna na kwabo biyu da ɗari takardarsa shuɗiya ce, tana juya launin abin da aka ɗora mata. Rana da ruwa kuma suna koɗe tawada. Abin da ya fi duka, mu ajiye shi kusa da wanda aka tabbata da shi, don ido ba ya riƙe launi da ka.

Wani zai ce, "Duk wannan wahala a kan ɗan ƙyallen takarda?" I, mana. Gobe mu ne za mu tsaya gaban yara. Wanda ya saba cewa "na tabbata" alhali zato ya ke yi, da wannan hali zai shiga aji. In ja biyu sun rikice mana, mu faɗa wa abokin musaya tun kafin ya miƙo nasa.