Nakasar Haihuwa: Ɓoyewa Ba Magani Ba Ce

A ƙauyukanmu na kudancin Kano, tun daga Madachi har sauran karkarar Rano da Kibiya, idan aka haifi jariri da tsagaggen leɓe ko karkatacciyar ƙafa ko ƙari a gadon baya, tsegumi ne kan fara biyo baya. Wasu su ce musanyar aljanu ce, wasu su ɗora wa uwa laifin fita da almuru tana da juna biyu. Daga nan sai a killace yaron a ɗaka. Ni a ganina, wannan ɓoyo ya fi nakasar kanta illa.

Dalili kuwa shi ne, da dama daga cikin waɗannan larurori an san musabbabinsu. Ƙarancin sinadarin folik a makonnin farko na ciki kan hana ƙashin bayan ɗan tayi haɗewa. Rashin aidin a abincin uwa kan tauye ƙwaƙwalwar ɗa. Amosanin jini kuwa gadonsa ake yi: idan miji da mata duk suna ɗauke da ƙwayarsa, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu. Auren zumunci, duk da alherinsa, yana ƙara yiwuwar haɗuwar irin waɗannan ƙwayoyin halitta a gida guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai kimanin 240,000 ke mutuwa kowace shekara cikin kwana 28 na farko saboda nakasar haihuwa.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karkatacciyar ƙafa tana miƙewa da ɗaurin filasta idan an kai jariri da wuri, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Tsagaggen leɓe ma tiyata na gyara shi. Amma yaron da aka ɓoye, yaushe likita zai gan shi?

A shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure. Sai dai doka ba ta shiga zauren gida da ƙafarta, sai an kai ta. A nan ne nauyi ya hau kan malamin makaranta, domin a karkara maganarsa tana da daraja wurin liman da dagaci da iyaye. Ya nusar da magidanta muhimmancin awon ciki da gwaji, ya hana ɗalibai yi wa naƙasasshe laƙabin izgili, ya zaunar da shi a sahun gaba. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ba ta taɓa hana neman magani ba.