Ra'ayinmu: A koya wa ƴaƴanmu auna magana kamar yadda ake auna hatsi

A jami'o'in ƙasar Amurka da yawa akwai wani darasi da ɗalibi ke yi tun cikin shekarunsa na farko, ko me ya zo karantawa, wato darasin tantance magana da rubutun kafa hujja. A jihar Kalifoniya, tun shekarar 1980 hukumar jami'o'in jihar ta wajabta koyon tantance magana a kan kowane ɗalibi, kuma har yau ba a ba shi digiri sai ya ci wannan darasi. Mun kawo zancen a wannan shafi ne domin ku ƴan kasuwa, maza da mata, ku ne ke zare kuɗi daga cikin jari kuna tura yara karatu Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, don haka kuna da ikon tambayar abin da suke dawowa da shi.

Abin da ake koyarwa a darasin ba baƙo ba ne ga wanda ya san kasuwa. Ana nuna wa yaro ya raba abin da ya tabbata da abin da ake zato. Idan aka faɗa masa magana, ya tambayi wa ya faɗa, ina ya samo ta, kuma wace riba zai ci idan aka yarda. Ana nuna masa hanyoyin da ake bi a ruɗi mutum: a zagi mai magana a bar maganarsa, ko a ɗauki misali ɗaya a yanke wa gari duka hukunci, ko a ce tunda wannan ya biyo bayan wancan, to wancan ne sanadi. A ƙarshe sai ya zaɓi tambaya guda, ya yi bincike, ya rubuta matsayinsa da hujjojinsa, ya faɗi inda ya samo kowace, sannan ya kawo mafi ƙarfin hujjar wanda ba su yarda da juna ba ya amsa ta. Matar da ke soka hannu har ƙasan buhu kafin ta biya kuɗin gero, ba ta yarda da na saman kawai ba, wannan aikin take yi.

Mu ɗauki misalin da kowa ke tunawa, wato tsadar abinci ta shekarar 2005. A lokacin, wasu sun ɗora laifin kacokan a kan ƴan kasuwa, wai sun ɓoye hatsi. Ɗalibin da ya yi wannan darasi ba zai tsaya nan ba. Zai duba ƙarancin ruwa da farin dango na daminar 2004, ya duba farashin hatsi a kasuwannin arewacin Najeriya da ya ja buhuna zuwa can, ya duba harajin kashi 19 cikin 100 da aka faɗaɗa kan wasu kayan masarufi a farkon 2005 har aka yi ta rufe kasuwanni don nuna ƙin yarda, kana ya auna rabon kowane. Idan binciken ya nuna akwai waɗanda suka ɓoye, ya faɗa da hujja. Idan bai nuna ba, ya ja bakinsa. Ƙasar da ma'aikatanta da ƴan jaridarta ke aiki haka, ba za a wayi gari a hukunta ɗan kasuwa a kan jita-jita ba.

Yau buƙatar ta fi ta da. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp cewa za a karya darajar sefa kamar yadda aka yi a watan Janairun 1994, ko za a rufe iyaka, ya isa ya sa mutum ya karyar da kayansa ko ya ciwo bashi ya tara abin da ba zai sayu ba. Ga masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Ga kuma na'urori irin su ChatGPT, da ya fito a ƙarshen 2022, masu rubuta wa ɗalibi shafuka cikin minti ɗaya, gaskiya da ƙarya a gauraye. Yaron da bai iya tantancewa ba zai kwafa ya miƙa, ya karɓi takarda, kansa kuwa wayam.

Mun san akwai iyayen da za su ce wannan koya wa yaro gardama da manya ne. Tsoron yana da dalili, amma gardama daban, neman hujja daban. Mai gardama so yake ya yi nasara ko ta halin ƙaƙa, mai neman hujja kuwa a shirye yake ya sauka daga ra'ayinsa idan aka nuna masa wadda ta fi tasa. Kuma abin ba na Turawa kaɗai ba ne. Shehu Magili, wanda ya ratsa ƙasar Abzin ya je Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan ilimin manɗiƙi, ya kuma kare shi lokacin da Imam Suyuɗi ya soke shi. Malaman hadisi ma ba sa karɓar ruwaya sai sun san wa ya ji daga wa.

Gaskiya ne a ajin ƙarshe na lise ana koyar da falsafa, ana kuma rubutun muhawara a jarrabawar bak. Sai dai yaron da ya haddace tsarin amsa don ya ci jarrabawa bai koyi auna magana ba tukuna. Shi ya sa muke kira ga hukumomin ilimi mai zurfi da shugabannin jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da na sauran jami'o'in jihohi, su mai da wannan darasi wajibi ga kowane ɗalibi tun shekarar farko, ɗan sashen noma ne ko na likitanci. Aikin yana son malamai da yawa, domin rubutu sai an karanta an gyara an mayar wa mai shi ya sake, kuma malami ɗaya ba zai yi wa ɗalibai ɗaruruwa haka ba. A ware masa kuɗi, a kuma bar yara su yi bincike a kan abin da ke gabansu: farashin albasar Galmi, bashin mata masu ƙananan sana'o'i, kuɗin hanya tsakanin Maraɗi da Jibiya.

Ku kuma iyaye, idan yaro ya zo hutu, kada ku tsaya ga tambayar ko ya ci jarrabawa. Ku miƙa masa saƙon da ke yawo a waya ku ce ya binciko muku gaskiyarsa, ya faɗa muku yadda ya gane. Idan kuma ya tambaye ku dalilin wani abu cikin ladabi, ku amsa masa, kada ku ce ya yi rashin kunya, domin matambayi ba ya ɓata. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa su ma su kai wannan buƙata gaban hukuma, tunda da guminsu ake karatun.

Allah ya sa mu dace.