Daga Ɗakin Bincike Zuwa Kasuwar Ɗambatta

Tun cikin 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Sakkwato, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Masananta sun ƙera murhu mai tsimin itace, da tukunyar girki da zafin rana, da na'urar busar da amfanin gona. To, bayan shekara arba'in da ɗoriya, nawa ne daga cikin kayan nan mutum zai taras a kasuwar Ɗambatta ko ta Bichi?

Ga kuwa bukata a fili. A arewacin Kano gona na manne da gona, babu wani dajin kirki da ya rage, kowace ɗorawa da kowace kuka da mai ita. Duk da haka matan Kunci da Makoɗa na nan kan murhun duwatsu uku, suna ƙona kara da itace, suna shan hayaƙi. Manoman rani na madatsun Tomas da Watari kuma, tun da aka janye tallafin fetur a 2023, injin ban ruwa ya zame musu kaya.

Ya kamata masana su dubi aikin Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa. Tulu ya sa cikin tulu, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani; ruwan na tashi, na ciki na sanyi, ba lantarki ba fetur. Hikimar ba sabuwa ba ce. Abin da ya bambanta shi, har ya sami lambar Rolex a 2000, shi ne bai ajiye ta a takarda ba: ya ba maginan tukwane aiki, ya kai kayan ƙauyuka a farashin da talaka zai iya.

Wannan matakin ne jami'o'i ke tsallakewa. Muddin yawan ƙasidu kaɗai ke kawo wa malami ƙarin girma, ba zai nemi maƙeri ko mai walda ya zauna da shi ba. Wajibi ne Jami'ar Bayero da ta Wudil su riƙa lissafa kayan da suka shiga kasuwa cikin aikin malami.

Gwamnatin jiha ma tana da hanya mai sauƙi, domin mai ƙira ba ya zuba jari sai ya ga mai saye. Makarantun kwana na cin itace mota-mota. A fara da ba maƙeran gida kwangilar sabon murhu ga Makarantar Kimiyya ta Dawakin Tofa, a auna itacen da aka rage cikin zango ɗaya, a bayyana wa jama'a sakamakon.